Sanin Ɗalibi Kafin Koya Masa

Wannan darasi na 'yan ajin ƙarshe ne, waɗanda ke shirin fita gwajin koyarwa. Abin da nake so in ja hankalinku a kai shi ne yadda malami zai san yaran da aka danƙa masa. Zan kawo misalina daga Daɗin Kowa, unguwar da nake zaune a kudancin Jos, kan hanyar Bukuru, domin nan ne na saba zama da samari da 'yan mata masu karatu a Jami'ar Jos, muna taɗi da maraice.

Ita wannan jami'a an fara ta a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafafunta a 1975. Tun daga lokacin take tara 'ya'yan mutane daga ko'ina. Na lura in baƙon ɗalibi ya zo, tambayar farko da ake yi masa ita ce, "Ina garinku?" To, a wani wuri wannan gaisuwa ce kawai. A Jos kuwa tana da nauyi, kuma ya kamata ku san dalili.

Kuza ce ta cika Jos da mutane. Da Turawa suka buɗe haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, sai leburori da 'yan kasuwa da ma'aikata suka yi ta kwararowa, Hausawa da Yarabawa da Ibo da sauransu, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere a ƙasarsu. Jikokin waɗannan baƙi nan aka haife su, nan aka binne iyayensu. Saboda haka in ka tambayi yaro garinsu, wani zai ce Pankshin ko Langtang ba da wani tunani ba, wani kuwa sai ya yi jim, don bai sani ba ko Jos zai ce, ko Kano inda kakansa ya baro, shi ko hanyarta bai sani ba. Gardamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, tana cikin abubuwan da suka hura wutar rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, inda aka yi asarar rayuka masu yawa, unguwanni suka rabu bisa addini.

Daɗin Kowa, wadda Musulmi da Kirista ke zaune cikinta a cuɗe, ba ta ƙone a waɗannan rikice-rikice ba. Har wata Baturiya mai bincike, Jana Krause, ta fito da littafi a 2018 ta yi bayanin yadda dattawa da malaman addini da ƙungiyoyin mata suka riƙe samarin unguwar, suka hana na waje shigowa da fitina. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, dattawan nan sun san kowane yaro, sun san gidansu, sun san inda yake zama da wanda yake yawo da shi. Yaron da ka san sunansa da sunan uwarsa, in ka ce masa ya koma gida, da wuya ya ƙi.

Don haka ni ba na hana tambayar gari, sai dai ina sake mata kama. Nakan ce wa ɗalibi, "Me ake nomawa a inda ka girma? Wace rana kasuwarku ke ci?" Nan take sai baki ya buɗe. Na Bokkos ya ba ka labarin dankalin Turawa, na ƙauyukan Birom ya gaya maka wahalar sussukar acca, na Sakkwato ya yi ta kukan sanyi, ka kuwa sami hanyar bayyana wa aji cewa Jos tana bisa tudu mai tsawon wajen ƙafa 4,000 daga bakin teku, shi ya sa. Kun ga an yi labarin ƙasa ke nan, ba wanda aka tsarga.

Sa'an nan sai abin da yaro ke yi in an tashi daga karatu. Wannan malamai da yawa sun raina shi, suna cewa wasa ne. Lalle wasa ne, amma a nan ake ganin halin mutum. Ƙwallon ƙafa ya fi kome cin samarin da nake zama da su, kuma ba abin mamaki ba ne a garin da ya haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, garin da ƙungiyarsa Plateau United ta ci gasar ƙasa a 2017. Ku dubi yadda suke zaɓen 'yan wasa a fili: ba mai tambayar addinin mai tsaron gida, a dai ga ya iya kama ƙwallo. Akwai masu hawan duwatsun Shere ran Asabar, akwai masu kiwon zomo da tantabara, akwai yarinyar da ɗinki ke biya mata kuɗin makaranta. Wani kuma na same shi ba ya gajiya da zuwa gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana zana kawunan yumɓu na Nok a littafinsa. Karatun lissafi yake yi, amma in kana so ka ji muryarsa, taɓo masa zancen Nok.

Ra'ayinsu game da zaman duniya kuwa, shi ba a tambayarsa kai tsaye. In ka ce wa saurayi, "Me ka ɗauki duniya?" zai ba ka amsar da yake zato kana so. Sai an saba, ana cikin wata hira, za ka ji wani ya ce shi ba ya jiran aikin gwamnati, gara ya koyi sana'a, wani ya ce in ya gama ba zai koma ƙauye ba sai da abin hannu, wata ta ce tsoronta kada a aurar da ita kafin ta karɓi takardarta. Malami ya ji, ya riƙe a ransa, kada ya kai ɗakin malamai ya mai da shi abin dariya.

Ga aikin da na ba ku. A makon farko na gwajin koyarwa kowa ya sami ɗan littafi, ya ba kowane yaro shafi guda, ya rubuta inda ya girma, da abin da ake ci a gidansu, da abin da yake yi da la'asar. Kada a cika shi a rana ɗaya, kada kuma a rubuta a gaban yaron. In kun dawo zan duba littattafan, ni da ku kaɗai.