Tsufan Bututun Ruwa da Juriyar Birnin Kano: Nazari Daga Daurawa, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda tsufan kayan samar da ruwan famfo ke raunana birnin Kano, tare da ɗaukar misali daga Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi a Ƙaramar Hukumar Tarauni. Ta nuna cewa asalin matsalar ba rashin ruwa a koguna ba ne, tana kan hanyar da ruwan ke bi daga matata zuwa gida.

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da juriya a nan shi ne ikon da gari ke da shi na ci gaba da shayar da jama'arsa a lokacin tsanani, kamar fari ko ambaliya ko ɗaukewar lantarki, sannan ya farfaɗo da wuri. Tarauni ta dace da wannan awo. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutane sama da 220,000, a cikinta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, kuma titin Zariya da ya ratsa ta shi ne ke kaiwa Tamburawa, inda matatar ruwa mafi girma ta birnin take. Duk da wannan kusanci, kurar 'yan garuwa ce abin dogaron gidaje da yawa.

2.0 Tarihi a Taƙaice

Kafin zuwan famfo, Kanawa sun dogara ne ga rijiyoyi da kududdufai. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe matatar Challawa ta farko a Panshekara, lokacin da mutanen birnin ba su wuce dubu ɗari ba. An faɗaɗa ta a shekarun 1970, aka sake ƙari a farkon shekarun 1990. A zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuwa a Ƙaraye ta biyo baya a 1992. Daga bisani gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta gina sabuwar matatar Tamburawa, wadda aka tsara ta tace lita miliyan 150 a kullum, ga kuma ta Watari mai lita miliyan 75. Sai dai ƙarfin da aka rubuta a takarda daban, abin da ke isa bakin famfo daban.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Na farko, bututu. An shimfiɗa manyan layuka da dama ne tun unguwanni irin su Daurawa suna gefen gari. Ƙarfe na yin tsatsa, mahaɗai na saki, aikin titi da ginin magudana kuma na fasa wasu. Ruwan da aka kashe kuɗi aka tace sai ya tsiyaye a ƙasa, hukuma ba ta karɓi ko kwabo a kansa ba.

Na biyu, injina da lantarki. Dole a ɗago ruwa daga kogi, a tace shi, a tura shi zuwa manyan tankuna irin na Goron Dutse. Kowane mataki yana buƙatar wuta. Idan ta ɗauke, ko dizal ya yi tsada, turawa ta tsaya.

Na uku, kuma mafi haɗari, shi ne zuwan ruwa jefi-jefi. Bututun da ke cike a koyaushe yana tunkuɗa ruwa waje ne ta kowace kafa. Da zarar ya bushe, ƙarfin turawar ya faɗi, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi. A lungunan da ƙananan bututu ke bi ta cikin kwata, wannan na nufin ƙazanta ta sami hanyar shiga, kuma ta nan ne cututtuka irin su taifot da amai da gudawa ke iya yaɗuwa.

4.0 Rijiyar Burtsatse: Mafita ko Jinkiri?

Da famfo ya gaza, masu hali sun haƙa rijiyar burtsatse, marasa hali kuma suna sayen jarka. Idan aka ɗauki lita 50 ga kowane mutum a rana, gida mai mutum goma na buƙatar lita 500, wato jarka 20 mai cin lita 25. Ke nan talaka ne ke sayen ruwa da tsada fiye da kowa. Bugu da ƙari, ƙarƙashin birnin Kano dutse ne mai tauri, ruwa na taruwa ne kawai a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa. Ajiyar ba ta da yawa. Idan kowa ya zura bututu, rijiyoyin maƙwabta na ƙafewa a bazara, siminti da kwalta kuma sun toshe hanyar da ruwan damina zai koma ƙasa. Ruwan da ya kamata ya zama guzurin ranar tsanani, shi ake cinyewa kullum.

5.0 Abin Ya Wuce Kano

Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke shayar da manoma da masunta da makiyaya a fadamun Haɗeja da Nguru, kafin ya nufi Tafkin Chadi ta Komadugu Yobe. Duk litar da Kano ta ɗiba ta zubar, an rage ta ne daga rabon na ƙasa. Haka kuma ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, da ta Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024, sun isa darasi kan sakamakon sakaci da kulawa.

6.0 Kammalawa

Gina sabuwar matata ba tare da gyaran bututu ba tamkar ɗibar ruwa da kwando ne. Ya kamata Hukumar Ruwan Sha ta Jihar Kano ta fara da taswirar layukanta, ta sanya mita a mashigar kowace unguwa domin gane inda ruwa ke ɓacewa, ta sauya bututun da suka fi lalacewa, ta kuma sama wa matatu wuta ta musamman. Haƙar rijiyar burtsatse na buƙatar rajista, kuɗin gyara kuma ya sami gurbi tabbatacce a kasafin kowace shekara. Masu unguwanni da ƙungiyoyin ci gaban al'umma za su iya kai rahoton fashewa da hana jona ta ɓarauniyar hanya. Ma'aunin nasara ɗaya ne: awa nawa famfon Daurawa ya kawo ruwa mai tsabta a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya.