Yadda Ake Ɗaukar Sauti Mai Tsabta Daga Tsohuwar Na'urar Samfula

Tsakanin 1986 da 1988 kamfanoni biyu, E-mu na Kalifoniya da Akai na Japan, suka fitar da wasu na'urorin samfula da har gobe masu haɗa kiɗa ke farautarsu a kasuwar gwanjo da tsada: S900 a 1986, SP-1200 a 1987, sai MPC60 da S950 a 1988. Aikin samfula bai da wuyar faɗa. Tana ɗaukar ɗan guntun sauti, bugun ganga ko busar ƙaho daga tsohon faifai, ta ajiye shi a matsayin lambobi, ta sake fito da shi duk sa'ad da aka danna maɓalli. Da irin waɗannan akwatunan su Pete Rock da DJ Premier suka gina kiɗan hip-hop na birnin Niyok. Wanda ya mallaki ɗaya a yau yakan yi karo da matsala guda: idan ya jona ta da kwamfuta don ya naɗi abin da ya haɗa, sai ya ji gurnani da huci sun biyo kiɗan. Da yawa sukan ɗaga kafaɗa su ce ai tsohuwar na'ura ce, haka sautinta yake. A ganina wannan kuskure ne, domin datti iri biyu ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, alhali ɗaya yaji ne a cikin abincin, ɗayan kuwa tsakuwa.

Kaushin da na'urar ta zo da shi daga masana'anta yana da dalili na lissafi. Dukkan huɗun nan da bit 12 suke adana sauti, faifan CD kuwa da 16. Kowane bit yana ba da tazarar desibel 6 ko kusa da haka tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi rauni, don haka bit 12 ya tsaya a wajen desibel 72, bit 16 ya kai 96. SP-1200 kuma sau 26,040 take auna sauti a daƙiƙa guda, kuma ƙa'ida ce cewa na'ura ba ta iya riƙe abin da ya wuce rabin wannan adadi, wato duk wani siririn sauti da ya haura kilohaz 13 ba zai fito yadda ya shiga ba. Idan aka sauke muryar samfurin ƙasa, sai wani amo mai kama da na ƙarfe ya bayyana a kansa. Wannan kaushin shi ake saye da kuɗi, ba kuma wanda ke neman cire shi. Amma gurnanin wutar lantarki, da hucin waya mara kyau, da fashewar sauti saboda an cika ƙarfi, ba E-mu ko Akai ne suka sa su ba. Ɗakin da aka ajiye na'urar ne ya ƙara su, kuma su ne ake bi ɗaya bayan ɗaya a kawar.

Daga wuta ake farawa, tun kafin a taɓa waya ko guda ta sauti. Yawancin waɗannan na'urori daga Amurka ko Japan ake sayo su, inda wutar gida take bolt 120 da bolt 100, ta Najeriya da Nijar kuwa ta haura 200. Sai a karanta abin da aka rubuta a bayan akwatin, idan ba ta ɗaukar wutarmu a nemi taransifoma mai sauke ƙarfi, a kuma ajiye shi nesa da wayoyin sauti, domin shi kansa yana watsa gurnani ga duk wayar da ta raɓe shi. Bayan haka a jona samfula, da miksa, da katin sauti, da kwamfuta duk a soket ɗaya mai wayar ƙasa ta gaskiya. Dalilin shi ne, idan na'urori biyu suka sami ƙasa ta hanyoyi daban-daban, sannan wayar sauti ta haɗa su, an yi zobe ke nan, ƙaramar wuta za ta riƙa zagaya shi, a ji ta a lasifika tana ruri a kan haz 50, ko 60 a Amurka. Akwai masu maganin wannan ta hanyar karye ƙafar ƙasa ta filogi. Gurnanin kan tafi, gaskiya ne, amma akwatin ƙarfe ne, ranar da waya ta kwance a ciki jikin mai taɓa shi ne zai zama hanyar ƙasa. Hanyar da ta dace ita ce a sa akwatin DI ko ƙaramin taransifoma mai raba ƙasa a kan wayar sauti, a bar ta wuta yadda take. Ƙaramin janareto da inbata mai arha su ma suna da tasu ƙarar, wani zizar da ke hawa da sauka, kuma tsofaffin na'urori ba su iya tace ta sosai. Inda hali ya yi, inbata mai fitar da wuta sumul ta fi.

Mataki na biyu shi ne a saurari na'urar ba ta buga komai. A kunna ta, a bar ta ta ɗumama, a naɗi minti guda na wannan zaman banza a kwamfuta, sannan a ƙara ƙarfinsa sosai a sa abin kunne. Abin da aka ji shi zai nuna inda ciwon yake. Gurnani mai kauri na wuta ne ko zoben ƙasa. Siririn fito mai tsini, a na'urorin Akai na wancan zamani, sau da yawa daga ɗan abin da ke kunna fitilar allon yake fitowa, kuma masu gyara sun saba sauya allon da na zamani don su kashe shi. Ƙarar ƙwas-ƙwas idan an murɗa maɓalli ko an motsa waya ƙura ce da tsatsa a bakin rami, maganinta ruwan feshin wanke maɓallai. Sai a riƙa zare wayoyi ɗaya ɗaya, ana kashe cajar waya, da fitilar ɗaki, da fanka, ana saurare, har a kama mai laifin. Kwamfutar cinya a zare mata caja a gwada ta da batir, domin cajarta na cikin manyan masu shigo da ƙara. Idan an cire komai gurnanin bai tafi ba, to daga ciki yake: kafasitocin sashen wuta suna bushewa bayan shekara talatin da wani abu, sai a kai wa mai gyaran da ya san aikinsa ya sauya su. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne.

Sai shigar da sauti, kuma a nan ne ya kamata a daɗe, don abin da ya shiga samfuri ya shiga ke nan. Idan daga faifan garmaho za a ɗauka, a goge faifan, a duba allura, a ɗaure siririyar wayar ƙasa ta garmahon a jikin miksa ko amfilifayarsa. A shiga ta ramin layi, ba na makirfo ba, saboda na makirfo yana ƙara ƙarfi fiye da kima ya jawo huci. Daga nan a ɗaga ƙarfin shiga har bugu mafi ƙarfi ya kusa taɓa ƙololuwar ma'aunin, amma kada ya taɓa. Lissafin da ya gabata shi ne hujja: duk desibel 6 da aka bari fanko a sama, bit ɗaya aka zubar. Wanda ya ɗauki samfuri ƙasa da ƙololuwa da desibel 18, bit 9 kaɗai ya yi aiki da su, kuma in ya zo ɗaga sautin daga baya zai ɗaga shi tare da ƙasƙancinsa. Idan kuwa ya zarce ƙololuwa, kan sautin zai yanke ya fashe. Tazarar ƙanƙanuwa ce, shi ya sa ake maimaita wurin da ya fi ƙarfi sau da dama ana kallon ma'auni kafin a danna ɗauka, wasu ma sukan ɗan matse sautin da kwamfiresa tun kafin ya shiga.

Mai musu zai ce me ya kawo wannan wahala, alhali manhajojin yau suna share gurnani da dannawa biyu? Amsar tana cikin wata dabara da masu SP-1200 suka shahara da ita. Na'urar daƙiƙa 10 kacal take riƙewa gaba ɗaya, kuma samfuri ɗaya ba ya wuce daƙiƙa biyu da rabi. Don su sami wuri, sai su juya faifan da aka yi don gudun 33 a kan gudun 45, su ɗauka, sannan su sauke muryar a cikin na'ura ta koma daidai. To gurnanin haz 50 da ya lallaɓa ya shiga lokacin ɗauka, shi ma zai sauka tare da kiɗan ya koma wajen haz 37. A wani maɓallin da aka sauke ko aka ɗaga da wani adadi daban, yana wani wurin kuma. Manhajar da aka ce ta yanke haz 50 ba za ta same shi a can ba, ga shi yana farawa yana tsayawa tare da kowane bugu. Ƙari a kan haka, murya takwas na iya tashi lokaci guda, kowace da nata hucin, su taru su zama hazo. Manhajar da za ta iya share wannan sai ta ci wani abu daga jikin gangar, wato daga kaushin da aka sayi na'urar dominsa.

Bayan ɗauka sai datsa. A yanke farkon samfuri daf da inda bugun ya tashi, a yanke wutsiyarsa inda sautin ya mutu, domin abin da ya rage bayan nan huci ne kawai da cin wuri. Idan aka ji ɗan ƙyas a bakin yankan, a matsar da shi kaɗan gaba ko baya har ya ɓace. A adana nan take, don waɗannan na'urori suna mance komai da an ɗauke wuta, faifan filofi kuma ya tsufa, abin da ya sa mutane da yawa suka maye gurbinsa da na'urar da ke karɓar filashi.

Wajen fitar da sauti, ramukan ɗaiɗai sun fi ramin da ke haɗa komai. SP-1200 da MPC60 da S950 kowace tana da guda takwas, don haka babbar ganga ta bi nata, ƙaramar ta bi nata, kowace ta sauka a layinta a kwamfuta. Sai dai a SP-1200 ramukan ba iri ɗaya ba ne: na 1 da na 2 suna da matata mai motsi da ke dusar da wutsiyar sauti, na 3 zuwa na 6 matatarsu tsayayya ce, na 7 da na 8 ba su da ita sam. Zaɓen rami a nan zaɓen launin sauti ne, a yi shi da gangan. Wayoyin su zama gajeru masu kyau, kada a kwantar da su kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta, in dole su haɗu to su gitta juna. A ɗaga ƙarfin fita na samfula sosai, a rage na katin sauti, domin hucin da'irar na'urar yana nan daram ko kiɗan ya yi ƙarfi ko bai yi ba, kuma gwargwadon yadda kiɗan ya haye kansa gwargwadon yadda zai ɓuya. A kwamfuta kuwa dokar ta juya. A naɗa da bit 24, a bar bugu mafi ƙarfi ya tsaya wajen desibel 12 ƙasa da ƙololuwa. Bit 24 yana da fili har ya yi yawa, ba a asarar komai don an bar sarari, cika ma'auni a nan haɗari ne kawai babu riba.

Idan katin sautin yana da ramuka takwas, a naɗi komai a zagaye ɗaya. Idan biyu gare shi, dole a yi ta zagaye-zagaye, kuma a nan lokaci kan goce. Maganin shi ne a sa wani gajeren bugu mai kaifi a farkon waƙar a kowane layi, a jera su a kansa daga baya a goge shi. Idan samfula tana da tsarin bugu na ciki, ya fi kyau a bar ta ta buga da shi maimakon kwamfuta ta riƙa aika mata kowane bugu ta MIDI, domin wannan hanya ta 1983 saƙo ɗaya bayan ɗaya take turawa, kowane yana cin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, rangajin kiɗan MPC60 da Roger Linn ya tsara kuwa a cikin akwatin yake.

Akwai sauran musu biyu. Na farko, cewa fayafayan da ake ƙauna na farkon shekarun 1990 cike suke da ƙarar allura, don haka tsabta cin amanar salon ne. Amma ƙarar allura daga faifan asali ta fito, mai kiɗa ya ji ta ya zaɓi ya bar ta, kuma waɗannan waƙoƙi a manyan sitidiyo aka gama su, a hannun injiniyoyin da ba sa barin gurnanin wuta ya wuce. Wanda ya naɗi kiɗansa da tsabta yana iya ƙara duk ƙurar da yake so gobe, wanda ya naɗa da gurnani kuwa ya rufe wa kansa ƙofa. Na biyu ya fi nauyi: manhajoji suna kwaikwayon bit 12 yanzu, kuma a lasifikar wayar hannu da wuya mai saurare ya bambance. Haka ne, kuma wanda bai da na'urar babu abin da ya tilasta masa saye. Dave Rossum, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa E-mu, ya sake ƙera SP-1200 a 2021 saboda akwai masu jin bambancin har su biya, amma bambancin siriri ne, yana cikin wutsiyar ganga da amon da ke kan ƙaho, daidai wuraren da huci ke fara rufewa. Shi ya sa, da an gama naɗa, a ajiye kwafin layukan yadda suka fito ba tare da an taɓa su ba, a rubuta ramin da kowane sauti ya bi da inda maɓallan ƙarfi suka tsaya, sannan a yi gyaran haɗawa a kan wani kwafin daban.