Darasin Wannan Wata: Gyaɗa, Amfaninta a Jiki da Yadda Za a Saya a Ajiye

A wani taron manoma da muka yi a Fagam bayan yankan gero, wani saurayi ya nuna mini hoton wani ɗan itace a wayarsa. Ya ce, "Malam, an ce wannan shi ne walnat, wai yana gina jiki ƙwarai. Ina za mu samo wa yaranmu?" Na yi masa alkawari zan ba da amsa a rubuce domin kowa ya amfana. To, ga amsar.

Mene ne walnat?

Walnat ɗan itace ne mai ɓawo mai tauri, ƙwayarsa kuma ta yi kama da ƙwaƙwalwa. Itacensa yana son wuri mai sanyi, shi ya sa ake nomansa a ƙasar Sin da Amurka da Iran da Turkiyya. Abinci ne mai kyau. Kusan kashi 65 cikin 100 na ƙwayarsa mai ne, kuma irin man da ke taimakon zuciya. Kashi 15 kuwa abin gina jiki ne, wato furotin. Amma yana da tsada, sai a manyan kantunan birni ake samunsa, kuma saboda yawan mai yakan lalace da wuri cikin zafi. Wanda ya saya, ya nemi mai ɓawo da ke da nauyi a hannu. In ya ji yana warin tsohon mai, ya bar shi. In ya ɓare, ya rufe a kwalba ya sa cikin firji.

Akwai kuma wani iri na kurmi mai baƙin ɓawo, wanda Yarabawa ke kira awusa, Ibo kuma ukpa. Dafaffe ake sayar da shi a tasha, ba ya kuma daɗewa.

Mu a nan ba mu da bukatar wahalar nemansu, gama muna da abin da zai yi mana aikinsu a gonakinmu, wato gyaɗa. Game da gina jiki ma ta fi walnat.

Abin da ke cikin gyaɗa

Kashi 25 cikin 100 na tsabar gyaɗa furotin ne. Shi ne ke gina tsoka da jini, shi ne kuma yaro yake bukata domin girma. Kusan rabin tsabar mai ne, mai ba da ƙarfin aiki. Akwai kuma bitamin E da wasu daga cikin bitamin B, har da wanda mace mai ciki take bukata domin jinjirin da ke cikinta.

Gero da dawa suna cika ciki, amma cikin yaro ƙarami ne. In kunu tsararo kawai yake sha, cikin zai cika, jikin kuwa bai sami abin da yake nema ba. Daga nan sai rama, gashi ya yi ja, ƙafafu su kumbura, a ce tamowa ta kama shi. Ku lura da abincin leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti. Da gyaɗa ake yinsa, a haɗa da madarar gari da sukari da mai. A Faransa aka fara haɗa shi a 1996, kuma ya ceci yara masu yawa a wajen Maraɗi lokacin yunwar 2005. Ashe babban abin da ke cikinsa yana nan a rumbunmu.

Saboda haka, iyaye mata, in jariri ya cika wata shida da nono zalla, ku fara sa masa cokali ɗaya ko biyu na niƙaƙƙiyar gyaɗa a kununsa, kuna ci gaba da ba shi nono. A sa dakakken ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale ko na rama, a yi miyar taushe da gyaɗa. Kada a ba ƙaramin yaro gyaɗa guda-guda, tana iya shaƙe shi. In kuwa kun ga jikinsa ya yi borin jini ko fuskarsa ta kumbura bayan ya ci, ku daina ba shi, ku kai shi asibiti nan da nan.

Haɗarin da ba a gani

Amma gyaɗar da ke gina jiki ita ce kuma ke iya rushe shi, in ba a kula da ita ba. Akwai wata fumfuna da ke zaune cikin ƙasa. Tana shiga gyaɗar da ta fashe, ko wadda gara ta huda, ko wadda aka ajiye da danshi. In ta shiga takan bar dafi, wanda masana ke kira afilatoksin. An gano shi a Ingila bayan talotalo fiye da 100,000 sun mutu a 1960, saboda sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. A Kenya kuma, a 2004, mutum 125 suka rasu bayan sun ci masara mai wannan dafi.

Ga abu uku da ya kamata kowa ya riƙe. Na ɗaya, suya ko dahuwa ba sa kawar da dafin. Na biyu, ba kullum ake ganinsa da ido ba. Na uku, yawanci ba ya kayar da mutum a rana ɗaya. A hankali yake cin hanta har ya kawo sankarar hanta, musamman ga wanda ke ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Yana kuma hana yara girma yadda ya kamata. Rigakafi ya fi magani.

Aikin yana farawa daga gona

Dattawanmu suna tuna zamanin dalar gyaɗa a Kano, lokacin da ƙasarmu ta Birnin Kudu da Gwaram take ƙarƙashin Kano, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Farin shekarun 1972 zuwa 1974 da cutar da ta naɗe ganyen gyaɗa a 1975 suka karya wannan noma. Daga baya Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fito da iri masu jure cutar, kamar SAMNUT 24 mai saurin nuna. Iri mai saurin nuna yana da amfani a nan, gama gyaɗar da ruwa ya ɗauke mata kafin ta ƙosa ita fumfuna ta fi kamawa.

1. Ka tuge gyaɗa da zarar ta ƙosa. Ka fasa 'yan kaɗan ka duba. In cikin ɓawon ya yi duhu, lokaci ya yi.

2. Kada ka tara ta tsibi guda tana gumi. Ka kifar da ita, 'ya'yan suna kallon sama, iska da rana su ratsa ta.

3. Bayan an tsinke, a shanya a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba. A kwashe da yamma saboda raɓa.

4. Gyaɗar roro ta daɗe cikin ƙasa, da yawanta kuma sun fashe. A ware ta dabam, a tsince ta da kyau.

5. Kada a yayyafa wa gyaɗa ruwa domin ta yi sauƙin ɓarewa.

In ka je saye

Ko a kasuwar Sara ne, ko Gwaram, ko Birnin Kudu, kada ka yi gaggawar awo. Tura hannunka har tsakiyar buhu ka ɗebo, kada ka tsaya ga ta sama. In mai ɓawo ce, girgiza ta kusa da kunne. Busasshiya takan yi ƙara. In tsaba ce, ciji ɗaya. Ta bushe in ta fashe ƙaras, jan bayanta kuma ya saɓule da ka murza. Sansana ka ji. In akwai warin ruma, ka wuce. Ka guji wadda ta yamutse, da mai baƙi ko tsanwa, da wadda ƙwari suka huda, da mai ɗaci.

Mata masu yin mai da ƙuli-ƙuli, wannan ya shafe ku ƙwarai. Akan sayar muku da tsintattar gyaɗa da rahusa, a ce ai niƙawa za a yi. Ku sani yawancin dafin a tunkuza yake zama, ƙuli-ƙulin kuwa 'ya'yanmu ne ke ci a hanyar makaranta. Araha ba ta ado.

Yadda za a ajiye

1. Ajiye gyaɗa da ɓawonta ya fi. Ɓawon rigarta ce. Ka ɓare abin da za a yi amfani da shi cikin mako ɗaya ko biyu kawai.

2. Share rumbu ko ɗaki tukuna, ka toshe ramin ɓera, ka gyara inda ke yoyo. Kada ka zuba sabuwa a kan tsohuwa.

3. Ɗora buhuna a kan katako ko itace, ka bar fili tsakaninsu da bango. Buhun algarara ya fi, don iska na shiga.

4. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana hana ƙwari ba tare da magani ba, amma sai gyaɗa ta bushe sarai. In ka rufe mai danshi, ka yi asara.

5. Kada ka zuba maganin feshi a gyaɗar ci.

6. Duba ajiyarka kowane wata, musamman da bazara sa'ad da iska ta fara ɗaukar laima.

7. Gyaɗar da aka tsince aka ware, a ƙone ko a binne. Kada a ba kaji ko shanun tatsa, gama dafin yana bi ta cikin nono ya komo mana.

Maigida, ga magana ta ƙarshe. Da kaka ana matsuwa da bukatar kuɗi, na sani. Amma kafin ka kai gyaɗarka kasuwa, ka ware buhu mafi kyau domin iri da kunun yara. Wanda ya sayar da duka da kaka, shi zai dawo ya sayi marar kyau da tsada da damina, lokacin da yara suka fi bukata.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. Sau nawa yaranku suka ci abinci mai gyaɗa a makon jiya?

2. A ina kuke shanya gyaɗa, kuma me za ku iya sakewa bana?

3. Me ake yi da tsintattar gyaɗa a ƙauyenku?

Allah ya ba mu lafiya da kaka mai albarka.