Dalilan da ke sa mota zamewa a busasshiyar kwalta da yadda ake gyarawa

Duk nauyin mota yana kan wurare huɗu ne, inda tayoyi ke taɓa ƙasa, kuma kowane wuri bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ta nan birki da sitiyari da ƙarfin inji suke isa ga hanya. Idan mota tana santsi alhali babu ruwa a kwalta, to wani abu ya rage wa tayoyin kamun ƙasa. Ana neman dalilin ne bi da bi, daga abu mai araha zuwa mai tsada.

Bincike yana farawa da tambayar direba lokacin da abin ke faruwa. Wata motar sai an taka totur tayoyin ke juyawa a banza suna ƙara. Wata a kwana take ƙin bin sitiyari, ko bayanta ya karkace. Wata kuma sai an taka birki take ja gefe guda. Idan a wuri ɗaya kawai take yi kullum, galibi laifin hanya ne: yashin da iska ta kwaso, ko gas ɗin da wata babbar mota ta zubar. Akwai kuma masu kawo mota da kukan santsi alhali kuloci ne ya ƙare. Alamarsa daban ce: inji na ruri, mota ba ta ƙara gudu, taya ba ta ƙara, sai warin ƙuna.

Mafi yawan matsalar daga taya take fitowa, kuma a nan ido ke yaudarar masu mota. Zanen taya aikinsa korar ruwa ne. Abin da ke kama busasshiyar kwalta laushin roba ne. Roba na taurarewa da shekaru da zafin rana, shi ya sa taya mai zurfin zane, wadda aka goge da mai tana sheƙi, take iya zamewa fiye da yadda ake tsammani. Shekarunta na rubuce a jikinta. Bayan haruffan DOT akwai lambobi, huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Masu ƙera motoci da yawa na ba da shawarar a canza taya bayan shekara shida, kamfanonin taya kuma ba su yarda ta wuce goma ba ko da ba ta taɓa hawa hanya ba. Tsohuwar taya takan nuna ƙananan tsage-tsage a gefe da cikin zane, kuma farce ba ya lotsa ta. Cikin tayoyin gwanjo har da waɗanda aka ƙera don ƙasashen ƙanƙara, masu hoton dutse da ƙwayar dusar ƙanƙara a jiki. A kwalta mai zafi robarsu na yin laushi fiye da kima, mota ta riƙa lilo a kwana, birki ya ƙara nisa.

Sai iska. Mai faci da yawa da bugun hannu yake gwada taya, ko ya cika ta har ta yi tauri don ya ga kamar ya kyauta. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taɓa ƙasa. Ta yi kaɗan, gefuna ne ke ɗaukar nauyi, taya ta yi zafi. Awon da ya dace yana manne a jikin ƙofar direba, a ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35 a geji, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Lambar iska da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Yadda taya ta cinye ma shaida ce. Cin tsakiya yawan iska ne, cin gefe biyu ƙarancinta, cin gefe ɗaya kuma alaimen ne ya goce. Idan zane ya sauka zuwa milimita 1.6, taya ta gama aiki.

In tayoyi lafiya suke, sai a duba ƙafar mota. Shokozoba ce ke danne taya a ƙasa. Idan ta mutu, taya na tsalle a kan gargada, kuma tayar da ke sama ba ta kama komai. Ana gane ta da yoyon mai a jikinta, da yadda mota ke ci gaba da lilo bayan an danna kusurwarta an saki, da cin taya rami-rami. Daga nan a ɗaga mota da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, sannan dama da hagu. Duk wasan da aka ji yana nuna boljoyin ko tarod ko biyarin ya saki. Bushin da ya tsage shi ma yana barin taya ta sauya fuska yayin tafiya.

Birkin da ya riƙe a ƙafa ɗaya yana jan mota gefe, kuma bayan ɗan tafiya wannan ƙafar kan fi sauran zafi. A motoci masu ABS, wato tsarin hana santsi yayin birki, yawanci kowace ƙafa tana da na'urar da ke auna gudun juyawarta. Idan ta lalace ko wayarta ta tsinke, fitila na kamawa a gaban direba, tsarin hana santsi kuma ya daina aiki. Haɗa tayoyi masu girma daban-daban ma na rikita shi. Ba a cire ƙwan fitilar don a huta. Ana sa kwamfuta ta karanta laifin.

Gyara na da tsari. Taya da shokozoba bibbiyu ake canzawa, dama da hagu tare, iri ɗaya. Idan kuɗin taya biyu kawai ake da shi, sababbin baya ake sa su, domin zamewar baya ta fi wuyar shawo kai. Alaimen shi ne na ƙarshe, bayan an canza duk abin da ya saki, in ba haka ba kuɗin ya tafi a banza. Daga nan a gwada motar a fili marar cunkoso, da birki da kwana, ba tare da lodin da ya wuce ƙa'idarta ba.