Ƙashi, Tangaran ko Taitaniyam: Da Me Ake Gyara Cikin Kunne?

Mu 'yan sashen ƙarafa mun saba auna abu da ƙarfinsa: tan nawa zai ɗauka, yaushe zai yi tsatsa. To akwai wurin da wannan ma'auni bai isa ba, wato bayan dodon kunnenka.

A can akwai ƙananan ƙasusuwa uku: guduma, maƙera da likkafa. Su ke miƙa girgizar sauti daga dodon kunne zuwa can ciki. Likkafar ba ta wuce kimanin milimita 3 ba, ita ce mafi ƙanƙantar ƙashi a jikin mutum. Idan kunne ya shekara yana zubar da ruwa, irin wanda muke gani a yaran unguwa ana cewa "ai zai daina", maƙerar ce ta fi saurin cinyewa. Sarƙa ta tsinke ke nan, ji ya ragu. Sai likita ya sa wani abu a gurbin.

Tun da daɗewa ana yi da ƙashin mutumin: a ciro ragowar maƙerarsa, a sassaƙa, a mayar. Jiki ba ya ƙin nasa, kuma ba sai an saya ba. Matsalar ita ce sassaƙar na cin lokaci ana tsakiyar tiyata, wani lokacin ma cutar ta riga ta shiga ƙashin.

An gwada wata roba mai ƙofofi, Plastipore, a shekarun 1970, amma sau da yawa takan huda dodon kunne ta fito. Daga nan sai tangaran ɗin haidiroksi-afatait, wanda sinadarinsa ɗaya da na ƙashi. Shi kam yana zama lafiya ko an jingina shi da dodon kunne kai tsaye, sai dai gautsi gare shi, yanka shi daidai tsawo aiki ne.

Taitaniyam ya shigo daga Jamus a shekarun 1990, kuma nan ne darasinmu na aji ya yi rana. Nauyinsa giram 4.5 ne a kowace santimita kubik, na baƙin ƙarfe kusan 8. Ga tauri, ga rashin nauyi, ba ya tsatsa a jiki, kuma ba ya hana ɗaukar hoton MRI. Saboda taurinsa ana iya yin sa siriri, kansa a buɗe, likita na hango inda ƙafarsa ta sauka. Amma fa yawanci sai an shimfiɗa ɗan guringuntsi tsakaninsa da dodon kunne, in ba haka ba shi ma yana iya fitowa.

Ni dai a ganina, inda aljihu ya yi ƙunci kuma ƙashin na da lafiya, ƙashin mutum bai faɗi ba. Likitoci kan ƙirga nasara idan giɓin jin da ya rage bai wuce desibel 20 ba, kuma abin da ya fi yanke wannan shi ne halin kunnen: ya bushe? Iska na shiga ta bututun da ya haɗa shi da bayan hanci? Likkafa na nan? Kunnen da ke zubar da mugunya, ko taitaniyam aka sa masa sai a hankali. Shi ya sa in ƙaninka na da ruwan kunne, ku kai shi wajen likitan kunne, irin na Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, tun maƙerar na nan.