Itatuwan Gida da Lissafin Ƙawata Gari a Yola da Jimeta

Ɗan kwangilar da ya karɓi aikin ƙawata harabar banki, otal ko gidan mai a Jimeta yakan yi lissafin kuɗin dashe da taki da leburori, amma ya manta da na ruwa, alhali kuwa nan ne asara take ɓuya. A Yola ruwan sama yakan ɗauke daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma a Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Furen da aka kawo daga kurmi sai an shayar da shi kullum tsawon waɗannan watanni shida. Idan ya bushe kafin a miƙa aiki, ɗan kwangila ne zai sake saye daga aljihunsa.

Ƙananan itatuwan gida sun saba da wannan rani. Sabara tana son jigawa, kuma ko an sare ta takan sake tohowa, don haka tana jure aski. Geza tana rayuwa a kan tsakuwa da marmara, inda wasu tsirrai ba sa kamawa. Mai neman ƙamshi ya nemi gauɗe, sai dai girmansa da nawa. Ba na mai gaggawar karɓar kuɗi ba ne.

Aguwa ta fi su araha. Ba a neman irinta: reshe ake yankowa a kafa a ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka. Awaki ba sa cinta saboda madararta, abin da ke rage kuɗin waya da na gadi. Amma madarar nan tana ƙona ido, saboda haka ba ta dace da harabar makarantar yara ba. Lakarta ɗaya ce: ba ta son ruwa ya kwanta mata.

Wannan ya sa duba fili ya zo kafin sayen dashe. Filayen bakin kogin Binuwai laka ce mai riƙe ruwa, kuma ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, sun nuna iyakar inda ruwa ke kaiwa. A irin wannan wuri giyayya ce ke jurewa, ko da gindinta ya yi makonni cikin ruwa.

Cikas ɗin yana kasuwa. Masu sayar da dashe sun fi ajiye furannin waje, domin mai saye yana ganin sabara kayan daji ce. Wanda zai shiga wannan ciniki sai ya rena nasa a leda tun rani, ya dasa a Yuni, sannan ya sa kuɗin shayarwar ranin farko cikin farashin kwangila, domin ko ɗan gida yana buƙatar ruwa kafin saiwarsa ta kama.