Darasi na 12: Hasken da Ke Tona Asirin Ruwa

Idan kun tsaya a kan gadar Jimeta, za ku ga Kogin Binuwai yana gangarowa daga ƙasar Kamaru. Masunta suna kamun kifi a cikinsa, manoma kuma suna noman rani a bakin Tafkin Geriyo. Hausawa sun ce, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai akwai gubar da ido ba ya ganin ta a ruwa, wato dalma da zaiba da kadmiyom. Suna shiga ruwa daga tsofaffin batura da juji da wuraren haƙar ma'adinai. Ba su da launi a ruwa, kuma tafasa ruwan ba ya fitar da dalma.

Wannan guba ba abar wasa ba ce. A shekarar 2010, dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a kowace litar ruwan sha.

To, yaya za a gane ta? Na'urorin ɗakin gwaji suna da tsada. Saboda haka masana kimiyya suke haɗa wasu ƙananan ƙwayoyi da ake auna su da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Ana iya haɗa wasunsu daga ɓawon lemo. Idan aka haska su da wata fitila ta musamman, sai su yi walƙiya. Da zarar guba ta manne musu, sai hasken ya dusashe. Yawan dusashewar shi ke nuna yawan gubar.

Ku lura, waɗannan ƙwayoyi ba sa tsabtace ruwa, gargaɗi kawai suke yi. Har yanzu ana ci gaba da bincike a kansu. Kafin su iso hannunmu, ku guji jefa batura a kwata ko kogi, domin rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Daga ina dalma take shiga ruwa?
2. Me dusashewar haske take nunawa?
3. Ku yi jimla da waɗannan kalmomi: guba, juji, gargaɗi.